Idan ban zauna kusa da shi ba, ko fensir ba ya ɗauka

Assalamu alaikum Anti. Ina da yara biyu. Babban namiji ne ɗan shekara 9, yana aji 4 na firamare, ƙanwarsa kuma shekararta 6, bana ta shiga aji 1. Matsalata da babban ce. A aji 1 da aji 2 ba ya wuce na uku a jarrabawa, kowa yana yabon ƙwaƙwalwarsa. Tun ƙarshen aji 3 ya fara ja da baya, sakamakon zangon da ya wuce kuwa sai da ya sa ni kuka. Abin da ya fi ɗaure min kai, aikin gida da ake ba su daga makaranta kullum yana cinyewa, don ni nake zama da shi kowane dare, wani lokaci har mu kai awa biyu. Idan na tashi ko na minti biyar ne, sai in dawo in tarar da shi inda na bar shi. Ni nake haɗa masa jaka, ni nake nemo masa safa da fensir, ni nake tuna masa komai. Babansu ya ce ni na sangarta shi, in cire hannuna gaba ɗaya, idan ya sha wuya zai yi hankali. Na gwada kwana uku, bai yi aikin ko ɗaya ba, aka hukunta shi a makaranta, ya dawo yana cewa shi daƙiƙi ne. Ga ƙanwarsa ita kuma komai sai ta ce da kanta za ta yi. Anti, lalaci ne ko ni ce na ɓata shi? In ƙyale shi ko in ci gaba?

Uwar yara biyu

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, a karo na biyun na tsaya a kan wata magana da kika wuce ta da gudu: aikin gida kullum yana cinyewa, jarrabawa kuma yana faɗuwa. Kin ce wannan ne ya ɗaure miki kai. Ni kuwa shi ne ya kwance min nawa. Littafin aikin gidan ɗanki aikin mutum biyu ne a cikinsa, ke da shi. Takardar jarrabawa ta mutum ɗaya ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma a ɗakin jarrabawa babu wadda za ta ja kujera ta zauna a gefensa.

Na san za ki ce ai ba ki taɓa rubuta masa amsa ba, kuma na yarda. Yawancin iyaye masu irin wannan zaman ko fensirin ba sa taɓawa. Amma yau da dare ki lura da idonsa. Zai karanta tambaya, ko ke ki karanta masa don a yi sauri, ya ɗora bakin fensir a takarda, ya fara rubuta lamba, sai ya dakata ya ɗago ya dube ki. Idan fuskarki a sake take, ya ƙarasa. Idan kin ɗan haɗe gira ko kin ja dogon numfashi, ya goge ya gwada wata. Darasin da yake ɗauka kenan kowane dare, karatun fuskar mahaifiyarsa, kuma ya ƙware a kai, don yaro ne mai basira kamar yadda aka faɗa miki. Shi ya sa idan kin tashi kike tarar da shi inda kika bar shi. Abin da yake auna daidai da kuskure da shi ne ya tashi ya fita daga ɗakin, to da me zai ci gaba?

Ba daga littafi kaɗai nake faɗa miki wannan ba. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, duk da haka na yi wa 'yata ta biyu irin abin da kike yi. Wata rana malamarta ta dawo da littafin da ɗan rubutu a ƙasa da jan biro, wai tana son ganin aikin yarinyar ko da akwai kuskure a ciki. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Na kwana ina jin haushin baiwar Allah, wai ni malama guda za a rubuto wa haka. Sai da gari ya waye na yarda da gaskiyarta. Duk kuskuren da na sa aka goge a gida, na ɓoye mata wurin da ya kamata ta koma ta sake koyarwa ne. Malami da kuskuren yaro yake gane inda fahimta ta tsaya. Malamin ɗanki yana ganin maki cikakke kullum, don haka a zatonsa yaro ya iya, sai ya wuce gaba.

Amma kada mu ɗora komai a kan zaman dare. Ruwa ba ya tsami banza, kuma lokacin da kika ce koma-bayan ya fara, ƙarshen aji 3 zuwa aji 4, lokaci ne da masana karatun yara suka daɗe da sa wa ido. Jeanne Chall, wata malama a Jami'ar Harvard ta Amurka, ta bayyana matakan koyon karatu a 1983. Ta nuna cewa a shekarun farko yaro karatun kansa yake koya, wato haɗa baƙaƙe su zama kalma. Daga wajen aji 4 kuma sai a juya masa: ana sa ran ya riga ya iya, yanzu da karatun ne zai riƙa koyon kimiyya da tarihi da sauransu. Ita ce ta yi ta jan hankali a kan yaran da suke tafiya daidai har su zo wannan gaɓa su zame. A aji 1 da 2 jimloli gajeru ne, ga hotuna, ga maimaici. Yaro mai saurin hadda zai iya zuwa na ɗaya alhali karatun nasa bai nuna ba, ya dai riƙe abin da ya ji ne. A aji 4 shafi ya cika da rubutu, kalmomin ba na hirar yau da kullum ba ne, hatta lissafi ya koma labari: sai ka gane abin da ake tambaya kafin ka san tarawa za ka yi ko ɗebewa. Idan kuma harshen da ake koyarwa da shi ba shi ake yi a gida ba, nauyin ninki biyu ne.

Don haka kafin ki sauya komai, ki yi wannan gwaji, ranar da babu makaranta kuma babu wanda ransa ke ɓace. Ki buɗe littafinsa a shafin da ba su kai ba tukuna, ki ce ya karanta miki da ƙarfi kamar minti biyu. Kada ki gyara masa ko kalma ɗaya, ki kuma riƙe fuskarki. Ki saurara: yana tafiya sumul ko yana tuntuɓe duk bayan kalma uku? Yana ganin harafin farko ya cinki sauran? Yana tsallake layi? Yana kai fuskarsa dab da takarda? Idan ya gama ki rufe littafin ki ce ya ba ki labarin abin da ya karanta, da harshen da ya ga dama. Daga nan ke ki karanta masa wani shafin, ya saurara, ya sake ba ki labari. Idan ya gane wanda ya ji da kunne amma bai gane wanda ya karanta da kansa ba, to duk ƙarfinsa yana ƙarewa ne wajen haɗa baƙaƙe, babu sauran da zai fahimci ma'ana da shi. Maganin wannan karatu ne da ƙarfi kullum, minti goma sha biyar, a littafin da ya yi masa sauƙi, ko da na 'yan aji 2 ne. Idan duka biyun bai gane ba, kalmomi ne suka yi masa ƙaranci, sai a yawaita karanta masa da hira a kan abin da aka karanta. Idan kuwa duka biyun ya gane, alhamdu lillahi, matsalarmu ta sabo ce da tsoro, kuma ta fi saurin warkewa.

Ki kuma kai shi a duba idonsa da kunnensa. Rashin hangen nesa yakan fara ne a irin waɗannan shekaru, kuma yaro ba zai kawo ƙara ba, don yana zaton kowa haka yake ganin allo dishi-dishi. Idan an yi wata biyu ko uku ana karatun kullum kuma har yanzu baƙaƙe suna yi masa gardama, akwai larurar da ake kira disileksiya, wadda take wahalar da karatu da rubutu ba tare da ta taɓa basirar mutum ba. Idan kuma malaminsa ya ce a aji ma hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya, kuma kin san haka yake tun yana ƙarami, ku ga likitan yara. Ban ce yana da ɗaya daga ciki ba. Ina so dai a tabbatar, kada a yi ta kiran yaro malalaci a kan abin da tabarau zai gyara.

Yanzu maganar maigidanki. Ya yi gaskiya da ya ce dole hannunki ya ragu. Inda ya kuskure shi ne "gaba ɗaya" da kuma "idan ya sha wuya". Wuya tana koya wa mutum abin da ya iya amma yake ƙi. Ba ta koya masa abin da bai taɓa yi ba. Ɗanki bai taɓa zama shi kaɗai ya buɗe littafi, ya zaɓi inda zai fara, ya maƙale, ya lallaɓa ya fita da kansa ba. Kwana ukun nan da kika janye, an ɗora masa duk wannan ne a dare ɗaya. Ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke kula da tsara aiki da danne sha'awar wasa da tuna abin da ke gaba, yana cikin waɗanda suka fi jinkirin nuna, bai gama ƙosawa ba sai mutum ya haura shekara ashirin. Ɗan shekara 9 yana da nasa gwargwado, yana kuma ƙaruwa idan ana aiki da shi, amma ba a ba shi ragamar duka a tashi ɗaya.

Kina da yara biyu a matakai biyu, don haka za ki iya ganin wannan girma da idonki. Ki samo kofuna biyu iri ɗaya na gilashi, ki zuba musu ruwa daidai wa daida, ki tambayi ƙaramar ta tabbatar miki daidai suke. A gabanta ki juye ɗaya cikin wani kofi siriri dogo, ki ce wanne ya fi yawa. Da yawa daga cikin 'yan shekara 5 da 6 za su nuna dogon, don ruwan ya hau sama. Yayanta zai yi dariya ya ce ai ba a ƙara ba, ba a rage ba, a mayar a gani. Jean Piaget, masanin nan ɗan ƙasar Siwizalan, shi ya shahara da wannan gwaji, kuma ya ce daga wajen shekara 7 zuwa 11 ne yaro yake iya irin wannan tunani: ya riƙe abu biyu a kai lokaci guda, ya mayar da aiki baya a zuci. Sai dai a wannan matakin tunanin yana son abin da ido zai gani ko hannu zai taɓa. Wannan yana da amfani gare ki kai tsaye. "Ka zama mai kula da kayanka" magana ce da ba ta da hannu ba ta da ƙafa a wajen ɗan shekara 9. Takarda manne a bango da jerin abubuwa biyar da za su shiga jaka kuwa abu ne da zai iya kamawa.

Haka dabarun koyo suke zuwa sannu a hankali. A 1966 John Flavell da abokan aikinsa a Amurka sun nuna wa yara hotuna suka ce su riƙe jerinsu, aka sa wanda ya iya karanta motsin leɓe yana kallon bakinsu. 'Yan shekara 5 kaɗan ne suka riƙa maimaita sunayen hotunan a hankali don kada su manta, 'yan shekara 10 kuwa kusan dukkansu sun yi. Ba wanda ya umarce su, dabarar ce ta tsiro da shekaru. A tsakanin nan ne yaro yake fara sanin kansa a matsayin mai koyo: wannan na iya, wannan ban iya ba, wannan sai na sake dubawa. Ita wannan murya ta cikin zuci ita ce ya kamata ta yi ƙarfi a aji 4 da 5 da 6. A gidanku ke kike yin aikinta, shi ya sa tasa ba ta samu filin motsawa ba.

Kin kwatanta shi da ƙanwarsa, kuma na fahimci abin da ya sa. Amma ki tuna baya, ina kyautata zaton shi ma yana shekara 5 ko 6 ya yi ta ƙwace cokali da takalmi yana cewa da kansa zai yi. Ƙananan yara kusan duk haka suke, suna ganin babu abin da zai gagare su, don ba su fara auna kansu da kowa ba. Daga wajen shekara 7 zuwa 8 ne ido yake buɗewa: wane ya fi ni gudu, wance ta riga ni gamawa, ni ne na goma sha bakwai. Erik Erikson ya rubuta a 1950 cewa babbar gwagwarmayar yaro a shekarun firamare tana tsakanin jin "ina iya yin abu da hannuna" da jin "ni ba na kai sauran". Kalmar nan da ɗanki ya dawo da ita, daƙiƙi, ita ce ta fi tayar min da hankali a duk wasiƙarki, fiye da sakamakon jarrabawar nesa ba kusa ba. Maki yana dawowa a zango ɗaya. Sunan da yaro ya raɗa wa kansa yakan bi shi har sakandare.

Kuma, ki yi haƙuri, yabon da aka yi ta yi masa yana da hannu a ciki. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun yi gwaji da 'yan aji 5 a Amurka. Bayan yara sun yi wani aiki, an ce wa wasu lallai kuna da ƙwaƙwalwa, wasu kuma aka ce lallai kun yi ƙoƙari. Da aka kawo aiki mai wuya, waɗanda aka yabi ƙwaƙwalwarsu sun fi saurin karaya, sun fi son a ba su mai sauƙi, har wasunsu da dama suka ƙara wa makinsu da aka ce su faɗa wa wasu yara. Ban ɗauki wannan a matsayin maganin kowace cuta ba, kuma ba na son yabon ƙoƙari na baka kawai, wanda yaro da kansa ya san ba gaskiya ba ne. Amma ki duba lissafin da ɗanki ya yi a ransa: an ce ina zuwa na ɗaya don ina da ƙwaƙwalwa, yanzu ba na zuwa, ashe ba ni da ita. Wanda ya yarda da haka gara masa kada ya fara aikin da a ga ya kasa. Abin da yake kama da lalaci sau da yawa ɓuya ce. Idan ya sake cewa shi daƙiƙi ne, kada ki yi saurin cewa a'a kai mai ƙwaƙwalwa ne. Ki ce masa, wane ne ya ba ka wuya, nuna min. Ki mayar da maganar daga kansa zuwa kan tambaya ta huɗu a shafi na ashirin.

To yaya za a janye hannun? Lev Vygotsky, masani daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet wanda tarin fuka ya kashe a 1934 yana ɗan shekara 37, ya ce tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da ya fi ƙarfinsa kwata-kwata akwai wani fili, na abin da zai iya idan an ɗan tallafa masa. A wannan filin koyo yake faruwa. Daga baya, a 1976, Jerome Bruner da abokan aikinsa biyu suka kwatanta irin wannan tallafi da katakon da magina ke kafawa a jikin gini su taka. Amfaninsa shi ne a cire shi idan bango ya tsaya. Naki ya daɗe a jiki har an fara ɗaukarsa wani ɓangare na ginin, maigidanki kuma yana so a fizge shi duka da rana tsaka. Hawa-hawa ake kwance shi.

Ki fara da zuwa wajen malaminsa, ke da kanki, kafin ki taɓa komai. Ki faɗa masa gaskiya ba kwana-kwana: makin aikin gidan nan har da hannuna a ciki, daga yanzu za ka riƙa ganin aikinsa tsagwaronsa, da kuskure da wanda bai ƙarasa ba, ina roƙon a yi masa uzuri na 'yan makonni kada a hukunta shi a kai. Malamin kirki zai ji daɗin wannan magana. Ki tambaye shi kuma minti nawa yake sa ran aikin zai ci. Harris Cooper na Jami'ar Duke, wanda ya tattara bincike masu yawa a kan aikin gida a 2006, ya samu cewa a firamare alaƙar yawan aikin gida da cin jarrabawa ba ta da ƙarfi, sai a sakandare take fitowa sosai. Ma'aunin da yake goyon baya shi ne minti goma ga kowane aji, wato ɗan aji 4 kamar minti arba'in. Awa biyun da kuke yi ta wuce ƙa'ida nesa, kuma na tabbata rabinta rarrashi ne da faɗa.

A gida kuma ku zauna da rana, ba lokacin aikin ba, ki ce masa ya girma, za a sauya tsari, kuma kina son shawararsa. Ki bar shi ya zaɓi lokaci tsakanin biyu da kika yarda da su, da wurin zama. Makon farko ki zauna a farkon aikin kawai. Shi zai karanta umarnin, shi zai faɗa miki da bakinsa abin da ake so ya yi. Ku yi tambaya ɗaya tare, sannan ki ce ya yi uku masu zuwa, za ki dawo bayan minti biyar. Ki ajiye agogo inda zai gani, ki tashi, ki kuma dawo a kan lokaci, don alƙawarin dawowar ne yake ba shi ƙarfin zama. Idan ya maƙale, dokar ita ce ya sa ɗan ɗigo a gefen tambayar ya wuce ta gaba. Wannan ɗigon ƙaramin abu ne amma da shi yaro yake koyon cewa maƙalewa ba ta tsayar da duniya. Mako na biyu minti goma, na uku sha biyar, har ya zama kina cikin ɗakin kina harkarki shi yana tasa.

Idan kin dawo kin ga kuskure, nan ne jarrabawarki take. Kada ki nuna. Iyakarki ki ce, a layin nan akwai guda ɗaya da nake so ka sake dubawa. Idan ya gano, madalla. Idan bai gano ba, ki bar shi ya tafi makaranta a haka. Idan kuma minti arba'in sun cika bai gama ba alhali ya yi iya yinsa, a rufe littafi, ki rubuta wa malam layi ɗaya cewa nan ya tsaya. Kuma idan za ki yaba, ki yabi abin da idonki ya gani: na ga ka maƙale a ta uku, ka wuce, ka dawo ka gyara ta da kanka.

Jaka ta fi sauƙi, kuma da ita nake so ki fara ɗanɗana masa daɗin iyawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka da dare za a haɗa ta, ba da safe ana neman safa ɗaya ba. Ku rubuta jerin tare, da rubutun hannunsa, a manna kusa da jadawalin darussa. Kwanakin farko ya haɗa kina tsaye. Daga baya ki tambaya kawai, ka duba takardarka? Daga baya ki daina tambaya. Wata rana zai manta littafi, ki gan shi a kan tebur bayan ya fita, zuciyarki ta ce ki bi shi da shi. Kada ki bi. Irin wannan ce wuyar da ta yi daidai da shi, ƙarama, ta kwana ɗaya, a kan abin da ya riga ya iya. Idan ya dawo kada ki ce ai na faɗa maka. Ki tambaye shi me zai yi don kada a sake.

Ki ba shi kuma wani aiki na cikin gida wanda ba ruwansa da makaranta, nasa shi kaɗai, wanda idan bai yi ba kowa zai gani: gyaran shimfiɗarsa, shanya kayansa da kwashewa, ban ruwan wata shuka. Yaron da aka doke a fagen karatu yana bukatar wani fagen da zai ji ana dogara da shi. Idan ya yi shi a karkace kada ki bi bayansa ki gyara yana kallo. Ki duba barcinsa ma. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12 a kwana. Idan zaman naku yana cin dare, to ana ciro makin aikin gida ne daga hankalin da zai saurari darasin gobe da shi.

Babansu kuma kada ki tunkare shi da cewa Anti ta ce ka yi kuskure, don ban ce haka ba sai rabi. Ki ce masa kin yarda za ki janye, ga yadda za a yi, kuma kina bukatarsa a ciki. Karatun minti goma sha biyar ɗin nan ki damƙa masa, idan zai iya riƙe bakinsa daga gyara da tsawa. Tsakaninki da yaron littafi ya riga ya zama fagen daga, da sabon mutum zai fi sakin jiki. Abu ɗaya da zan roƙa a wajenku ku biyu: kada a ƙara yin gardamar an sangarta shi ko ba a sangarta shi ba a inda kunnensa zai ji, kada kuma a ce masa dubi ƙanwarka.

Ita ƙaramar, ki bar ta ta yi da kanta ɗin. Za ta sa maɓalli a ramin da ba nasa ba, za ta rubuta harafi a juye, za ta ɓata miki minti goma da safe. Ki tashe ta da wuri da minti goma.

Ki shirya ranki, makin aikin gidansa zai sauka kafin ya hau. Makonni biyu ko uku na farko za ki ga jan biro a littafin da bai saba ganinsa ba, zai yi kuka, zai ce ba kya sonsa, wataƙila ya yi zaune minti arba'in bai rubuta komai ba don ya gwada ko za ki karaya. A irin wannan daren ki zauna kusa da shi ki dafa kafaɗarsa, amma idonki kada ya sauka a kan takardar. Ki yi gwajin karatun nan a ƙarshen makon nan, sannan ki sake rubuto min abin da kika ji da wanda ya gane, na ido ko na kunne, don daga nan ne zan san littafin da zan ce babansa ya fara da shi.